Kalmomin da Na Tara Don Mariyama

Malanbil, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗiyata Balkisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ko a cikin mota kika buɗe ta, ko kin riga kin sauka Kumasi. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya, da na direba mai gaggawa, da na mutumin da zai yi miki fara'a don kawai ya ga baƙuwa ce.

Na sa innarki ta cusa ta ƙarƙashin zannuwanki, saboda na san halina. In na ce da baki zan faɗa miki, zan fara, in yi tari, in koma zancen tikitin mota. Da Hausa na rubuta. Faransancin da na samo a lakwal, makarantar boko, ya ishe ni cika takardar duwan, wato kwastan, amma bai ɗauki abin da ke cikina yau ba.

Labarin gida ba ni da abin ƙara miki, yanzu kika bar shi. Magana ɗaya ce ta zaunar da ni. Mariyama, ɗiyar yayanki marigayi, tana can bakin teku wajen Takoradi a ƙasar Gana tare da uwarta Esi, kuma shekara ɗaya da rabi ke nan ba mu ji muryarta ba. Kowa a gidan nan ya ɗauka uwar ce ta yanke mu, ni kuma na bar ku a haka. Ƙarya ce, Balkisa. Ni na yi ɓarnar. Kin tafi koyon Ingilishi wata tara, ana cewa don ki samu aiki, to Allah Ya ba ki aikin. Amma a wurina ke kaɗai kika rage a gidan nan da za ki iya yi wa yarinyar nan magana ta gane, kafin ta manta tana da dangi a bakin kogi.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yadda na ga kina shiri. Tun da kika gama makaranta a Paraku kika dawo, kullum bayan azahar kina gindin itacen bedi, waya a hannu, abin ji a kunne, kaye, littafin rubutunki, a kan cinya. Bature na magana a bidiyo, ke kina rubutu. Ya gama, wani ya shigo, kina rubutu. Wata uku ina wucewa ta gabanki, ban taɓa ganin leɓenki ya motsa ba. Innarki tana cewa yarinya ta dage, Allah Ya yi albarka. Ni kuwa tsoro nake ji, domin haka na yi, kuma na san inda hanyar nan take kaiwa.

Bari in faro daga yayanki. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuma a takardar nan zan fara ba. Kina ƙarama lokacin. Yana taya ni a rumfar albasa, ya kan je wurin masu cajin waya su zuba masa bidiyon koyon Ingilishi a kati, don a lokacin intanet ba ta kowa ba ce. Akwai wata mata a ciki da ke ɗaga abu, ta faɗi sunansa, ta yi shiru don mai kallo ya maimaita. Shi kuwa da gaske yake maimaitawa, da ƙarfi, yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa yana zuba mai kyau a buhu. Wata ranar kasuwa manoman Garu sun cika rumfa, na jiyo shi a baya yana ta surutu shi kaɗai. Na ce, "Kai, da wa kaka magana? Ko iskoki na?"

Ya ce, "Baba, Ingilishi nika koyo. Matag ga ta ce sai an hwaɗi da baki."

Na juya wurin mutane na ce, "Ku zo ku ga Bature mai warin albasa!"

Aka yi dariya har wani ya riƙe ciki. Na ji daɗin dariyar, ba zan ɓoye miki ba. Sunan ya bi shi. 'Yan kabu-kabu in sun gan shi sai su ce Bature, masu dako su ce Bature. Daga ranar ban sake jin kalma ɗaya ta Ingilishi a bakinsa ba, har na ɗauka ya daina. Ashe bakin kogi yake zuwa, inda masunta ke shanya taru, ya yi ta faɗa wa ruwa. Da ya samu motar albasa mai zuwa Kumasi ya bi ta, kuma Ingilishin nan da na yi wa dariya shi ya tsayar da shi a can, har masu motoci suna neman sa ya yi musu magana a kan iyaka. Ban taɓa ce masa ya yi daidai ba. Na fake da kunyar ɗan fari, alhali girman kai ne.

Don haka ki buɗe bakinki. Matar nan ta bidiyo ta fi ubanki gaskiya. Duk kalmar da kika ji, ki tsayar da bidiyon ki faɗe ta da ƙarfi, ki sake, har harshenki ya daina tuntuɓe da ita. Za a yi miki dariya, a makaranta da kasuwa da cikin mota. Ki bar su. Mai dariyar zai koma gidansa ya manta, kamar yadda manoman Garu suka manta tun kafin su hau kekunansu. In kuma kika ga wata 'yar ajinku tana in'ina, kada ki zama ni.

Da ya kira ya ce ya samu mata, Bafantiya ce daga bakin tekun Gana, ba ta jin Hausa, ban hana ba, ban kuma yi murna ba. Na ce Allah Ya sa alheri, da muryar da kin sani. Shekara bakwai suna tare. In ya kira, ya kan miƙa mata waya ta gaishe ni da "sannu Baba" da ya koya mata, in ce "yauwa", shi ke nan. Ita ta koyi kalma biyu don ni. Ni ban koyi ko ɗaya don ita ba, ba da Ingilishi ba, ba da yarensu ba. Me zai sa in wahala, ɗana na nan yana fassara? Da aka haifi Mariyama haka muka ci gaba: ta yi gwaranci, ya fassara, in yi dariya, ya fassara dariyar ma in ta kama. Ban taɓa zama na yi tunanin ranar da ba ya tsakaninmu ba. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi. 'Yan albasa na Kumasi suka yi masa sutura, ni ina nan. Rannan Esi ta kira tana kuka tana magana, ni ina kuka ina magana, kowa da harshensa, har wayar ta mutu.

Ina jan kunnenki a kan wannan, domin Kumasi za ta yi miki irin tarkon da na faɗa. Za ki sauka gidan Alhaji Mamman, abokina ɗan albasa, a zango. A zango kowa Hausa yake ji, mai koko, mai ɗinki, mai maganin ciwon kai. Mutum zai iya shekara goma a can bai buƙaci Ingilishi ba, kuma na san waɗanda suka yi. Matan gidan za su so ki, 'ya'yansu za su ce bari mu raka ki mu yi miki magana. Ki gode musu, ki girmama su, ki ci abincinsu. Amma kasuwa ki je ke kaɗai wani lokaci, ki tambayi hanya da bakinki, ki ɓata, ki sake tambaya. Kada ki bar wani ya zama bakinki, komai kirkinsa. Mutum mutuwa yake yi, ko ya yi tafiya.

Bayan arba'in ɗin yayanki na ƙudura zan koyi Ingilishi. Ba ku sani ba. Kin ga dai na canza waya na ce don hoton kaya ne. Lokacin an rufe gadar kan iyaka, motoci sun yi layi har wajen gari, albasa ba ta tafiya, rumfa ba kowa sai ƙuda. Ina da lokaci fiye da yadda nake so. Na shiga intanet na rubuta da Faransanci abin da nake nema, bidiyo suka zubo kamar kasuwar Asabar. Kin san ubanki ɗan kasuwa ne, idonsa kan kaya mai yawa yake. Duk wanda ya ce kalma dubu cikin mako, shi nake dannawa. Wanda ya ce kalma goma kacal, sai in ce wannan rowa gare shi.

Na sayi kaye, na ja layi a tsakiya, Ingilishi a hagu, Faransanci a dama. Na cika ɗaya, na cika na biyu, na kama na uku. Kin san abin da ke ciki? Sunan ƙanƙarar da ke zubowa daga sama a ƙasar Turawa, da takalmin da ake tafiya a kanta. Yadda ake neman ɗaki mai kallon teku a masauki. Abin da za ka ce wa ma'aikaciyar jirgin sama in jakarka ta ɓata. Sunayen karnuka iri takwas, ni da ko kare ba na bari ya shigo gidana. Na san sunan injin wanke kwanuka. Ban san yadda ake ce wa yarinya "zo nan", ko "kin ci abinci?", ko "kin yi kama da babanki" ba. Ban nemi waɗannan ba domin sun yi mini ƙanƙanta. Na ce sai na tara manyan tukuna.

Wani abin kuma, ban taɓa kallon bidiyo ɗaya sau biyu ba. Kafin wannan ya ƙare wayar ta kawo wani, ni kuma ba na son a wuce ni. In fara da koyon sunayen 'ya'yan itace, in farga ina kallon kada ya kama ɓauna a wani kogi, la'asar ta yi. Sannan kullum da rubutun Faransanci a ƙasa nake kallo. Idona na karatu, kunnena na hutu. Na ɗauka ina jin Ingilishi, ashe Faransancina nake maimaitawa, Bature na yi mini kiɗa a gefe. Shekara talatin ina gaya wa manoma kada su jibge albasa a rumbu ba iska, ba a juyawa, domin ruɓewa za ta yi daga ƙasa. Ga shi na yi wa kaina haka da kalmomi.

Na leƙa kayenki ranar da kika je sallama wurin gwaggonki a Gene. Ki yafe mini. Layin nan a tsakiya na gani, hagu da dama, har rubutunki ya yi kama da nawa. Na rufe na fita waje na daɗe a tsaye.

To ga abin da na gane bayan ya daina yi mini amfani. Ki zaɓi bidiyo gajere, wanda mutane ke magana da juna a ciki kamar yadda ake yi a gida, ki zauna a kansa. Ki kalle shi yau, ki kalle shi gobe, ki kashe rubutun ƙasa ki saurara da kunne kawai, har ki iya riga mai maganar faɗin abin da zai faɗa. Kalma biyar a rana ta isa, in dai kafin magariba kin faɗa wa mutum mai rai kowace ɗaya. Kada ki rubuta kalma ita kaɗai. Ki ɗauke ta da maganar da ta zo ciki, ki san wa ake faɗa wa ita, kuma da wace fuska. Ki nemi na mutanen Gana ma, domin Ingilishinsu ba na Bature ba ne, kuma shi za ki ji a titi. Kada ki raina bidiyon yara. Da na kalli na yara mako biyu, da ya fi mini kayen nan uku. Yarinya ce za ki je wurinta, ba ma'aikaciyar jirgi ba.

Akwai wanda ya so ya cece ni ma. Kin san Emeka, Ibon nan mai kayan babur da ke bayan rumfarmu, fiye da shekara goma muna gaisawa. Wata rana ya jiyo muryar Bature daga wayata, ya leƙo ya ce, "Alhaji, Ingilishi kake koyo? Kowace safiya ka zo mu yi gaisuwa da shi, ni in gyara maka, kai ka gyara mini Hausa." Na kife wayar na ce labarai nake ji. Ni da furfura, Alhaji guda, in tsaya bakin shago ina in'ina kamar ɗan aji ɗaya, 'yan kabu-kabu na kallo? Na san abin da za su kira ni, domin ni na ƙirƙiro sunan. Taku ashirin ne tsakanina da mai Ingilishi na gaske, na zaɓi wanda ke cikin waya saboda shi ba zai ga kunyata ba. In kin samu mai irin kirkin Emeka, ki riƙe shi, mace ce ko tsoho ko mai sayar da burodi.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Wata shida da fara karatuna, na ce wa Alhaji Mamman ya shirya mini magana da Esi ta waya mai hoto, in ga jikata. Ya ce bari ya shigo layin ya fassara. Na ce a'a, na iya. Kina Paraku lokacin. Ranar Juma'a ce bayan la'asar. Na sa babbar riga, na zauna a tsakar gida, kaye a gwiwa, innarki na tsaye bayana. Wayar ta yi ƙara, na danna, sai ga fuskar yayanki yana ɗan shekara shida, goshin nan, wushiryar nan. Mariyama ce, ta yi ado, an yi mata kitso, a bayyane yake an shirya ta don ni. Ta ɗaga hannu ta yi magana da sauri, murya siririya. Ko kalma ɗaya ban kama ba. Na duba kayen, shafin da ya buɗe na sunayen kayan wanka ne. Duk abin da na tara ya gudu. Tana kallona tana jira, uwarta na gefe tana jira.

Sai na yi abin da kakana ya yi wa 'yan'uwana mata, abin da kowane kaka a garin nan yake yi wa jikarsa. Na ɗaure fuska, na zaro ido, na nuna ta da yatsa na ce, "Ke amarya! Ina tuwona? Kin bar ni da yunwa tun sahe. Sakin ki za ni yi, in auro wata!"

Innarki ta fashe da dariya a bayana. Kowace yarinya a Malanbil ta san amsar wannan: ta murguɗa baki ta ce wa zai auri tsoho marar haƙori. Mariyama ba ta sani ba. Wa zai gaya mata? Ubanta ya mutu tana ƙarama, ni kuma ban taɓa yi mata wasa yana raye ba, balle ya bayyana mata. Abin da ta gani shi ne tsoho baƙo ya haɗe rai yana daka mata tsawa. Murmushinta ya tafi. Ni kuwa, wawan Allah, na ga ba ta yi dariya ba sai na ce ban yi da kyau ba ne, na ƙara murya, na ɗauki sandata na buga a ƙasa. Ta waiga ta dubi uwarta, ta zame ta bar wurin. Esi ta dube ni, ta faɗi magana gajera, hoton ya ɗauke.

Innarki ta ce, "Mi ya hwaru?"

Na ɗora wa layin waya laifi, na ce, "Rezo na, ya yanke."

Ki riƙe wannan, Balkisa. Babu bidiyon da zai gaya miki cewa abin da yake wasa a gidanku tsawa ne a gidan wasu. In kin shiga cikin mutane, ki kalli yadda suke gaisawa, yadda babba ke yi wa yaro magana, abin da ke ba su dariya, kafin ki fito da naki. In kalma ta ƙare miki a tsakiyar magana, ki yi murmushi ki ce ba ki gane ba, a maimaita. Wannan jimlar ita ya kamata in fara koya. Tana cikin bidiyo na farko da na buɗe, na tsallake ta don na ga ta masu rauni ce.

Washegari saƙon murya ya shigo daga lambar Esi. Muryar Mariyama ce, bai kai tsawon Fatiha ba. Na saurara. Na gane kalmar kaka a farko, sauran ya wuce ni. Na saurara a rumfa, na saurara a hanyar masallaci, na bi kayen nan uku shafi shafi ina neman abin da ya yi kama da sautin. Ban amsa ba, domin ban san me zan amsa ba. Na ce bari in ƙara karatu kaɗan. Na koma wa bidiyona, na ƙara sunayen kifaye da na sassan mota.

Wata bakwai saƙon nan na cikin aljihuna. Kin zo hutu a tsakiyar lokacin. Kin tuna ranar da na kira ki ɗaki, kika durƙusa, sai kawai na ce ki kawo mini ruwa? Wayar na hannuna. Ko da ɗan Ingilishin makarantarki da kin gane shi. Na kasa bari ɗiyata ta san ubanta ya yi wata da watanni yana karatu bai iya jin maganar yarinya 'yar shekara shida ba. Kuma ina tsoron abin da ke ciki. Na fi son in zauna ban sani ba.

Abin da ya kai ni ƙarshe, wata safiya wayar ta faɗi a rumfa gilashinta ya tsage. Na ga in ta mutu, muryar ta tafi ke nan ban san me ta ce ba. Na taka takun nan ashirin. Emeka na jera kaya, na miƙa masa na ce ya ji mini wannan. Ya kara a kunne. Ya sake ji. Ya kori yaran da ke tsaye bakin shagon, ya jawo mini benci.

Ya ce, "Alhaji, wace ce?"

Na ce, "Jikata ta."

Ya ce, "Yaushe ta aiko?"

Na faɗa masa. Ya daɗe yana kallona, ba raini a idonsa, da ma rainin ne da ya fi mini sauƙi. Sannan ya ce, "Ta ce: Kaka, fushi kake yi da ni? Me na yi? Ka gaya mini, ba zan sake ba."

Balkisa, kalmar a'a da Ingilishi ko akuyar kasuwar nan ta san ta. Na san ta tun kafin in sayi kaye. Ita kaɗai yarinyar nan take jira, na riƙe ta wata bakwai.

A nan shagon Emeka ya koya mini jimla uku, na maimaita su a gaban kowa, 'yan kabu-kabu na ji, ba wanda ya yi dariya. Na aika. Saƙon bai shiga ba, har yau bai shiga ba. Lambar ta daina aiki. Alhaji Mamman ya bincika, aka ce Esi ta koma ƙauyen uwarta tana bandar kifi. Sunan ƙauyen da sunan gidansu na rubuta miki a bayan takardar nan. Ban ga laifinta ba. Ta shirya 'yarta ta yi mata kitso, aka yi mata tsawa, yarinya ta ba da haƙuri, aka yi banza da ita. Ko ni ne haka zan yi.

Ga roƙona. Kada ki je makon farko, bakinki bai buɗe ba tukuna. Kada kuma ki ce sai kin ƙware, wannan ita ce ƙaryar da na yi wa kaina. In kin yi wata uku ki nemi izinin Alhaji Mamman, ki samu 'yar rakiya, ki tafi da rana. Ki fara da Esi. Ki gaishe ta da yarensu ko da kalma ɗaya ce, ki durƙusa mata kamar yadda za ki yi wa babbar yaya, ki ce surukinta ya yi kuskure yana neman gafara. Kada ki yi zancen ɗauko yarinya, ba shi nake nema ba, 'yarta ce. In ta bar ki kin ga Mariyama, ki zauna ƙasa daidai tsayinta. Ki gaya mata yadda kaka da jika suke wasa a garinmu, cewa wanda aka fi so shi aka fi tsokana, ki koya mata abin da ake mayarwa. Ki yi a hankali, da kalmomi ƙanana, in kin yi tuntuɓe ki sake. In Esi ta ce ba ta son ganinmu, ki gode mata ki taso, kada ki ja. Sai dai ki roƙe ta alfarma guda, ta isar wa yarinyar cewa ba ta yi laifin komai ba.

Na ɗora miki kaya mai nauyi kina 'yar shekara goma sha tara, na sani, kuma ba ke kika ɓata ba. Ki yafe mini. Zan gaya wa innarki gaskiya da zarar motarku ta tashi, abin da zai biyo baya nawa ne.

Ki kula da sallarki. Ki riƙe takardunki a jikinki, kada ki sa su a jakar da za a ɗora saman mota. In jandarma ko ɗan duwan ya tsayar da ku, ki yi magana kaɗan. Ki gaishe mini da Alhaji Mamman da iyalinsa, kuma in kin samu hali ki sa a nuna miki kabarin yayanki ki yi masa addu'a, ni ban taɓa ganinsa ba. Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya buɗe miki harshe, Ya dawo mana da ke lafiya. Allah Ya sa ki tarar yarinyar nan ba ta gaji da jiran amsa ba.

Wassalam.

Mahaifinki,
Alhaji Sule